Randar Akawu

A gidan Mala Umara, akawu a wani ofishin gwamnati da ke Haɗejiya, randa biyu ce. Ɗaya tana gindin darbejiya, a kan ɗan dakali, an rufe ta da faranti an ɗora dutse. Wannan ta maigida ce. Ruwan famfo ake zuba mata, wanda yake ɗaurowa a jarka a bayan babur idan ya taso daga aiki. Ɗayar tana jikin bangon madafa. Ita ce ta matarsa Yakaka da 'yarsu Fanna, kuma daga tafkin bayan gari ake cika ta, inda shanu suke sha, inda masu ciwon ƙafa suke tsoma ƙafafunsu su ji sanyi.

Garin Gana, inda gidan yake, ƙauye ne a bakin fadama. Ba shi da famfo, rijiyarsa kuma ta rufta tun wata ambaliya. Yakaka ta taɓa tambayar mijinta ko zai riƙa ɗauro jarka biyu. Ya ce babur ɗin ba zai iya ba, bayansa zai zauna. Ta ce to a raba guda ɗayar. Ya ce shi cikinsa ne ba ya karɓar ruwan tafki tun zamansa a makarantar kwana, su kuwa sun saba. Da ma'aikatan lafiya suka zo suna raba wani farin ƙyalle na tace ruwa gida-gida, Umara ne ya karɓa a madadin iyalinsa, har ya yi musu godiya da Turanci. Bayan sun tafi ya auna ƙyallen da ido, ya ga ya yi daidai da rediyonsa, sai ya lulluɓe rediyon da shi saboda ƙura.

Kurkunu ya fito wa Fanna a daminar shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, tana da shekara shida. Bororo ne ya fara tasowa a idon sawunta na hagu, ya fashe, farar tsutsa siririya kamar zare ta leƙo. Yakaka ta kama kan tsutsar ta naɗe a jikin tsinke. Safe da yamma takan jiƙa ƙafar, ta murza tsinken kaɗan, in ta ji tsutsar ta turje sai ta tsaya ta ɗaure da tsumma. Duk wanda ya tashi a fadamar nan ya san dokar. Ba a gaggawa da kurkunu. In ya tsinke a ciki, ƙafar ce take shiga uku.

Umara yana da nasa bayanin.

"A jini yake," in ji shi. "Danginku na Birniwa duk haka suke. Kin taɓa ganin sa a ƙafata?"

Wata Juma'a da azahar, Umara ya dawo daga aiki ke nan, aka aiko daga Birniwa cewa mahaifiyar Yakaka ba ta da lafiya, tana neman ta. Daga ƙauyen zuwa titi tafiya ce cikin taɓo, daga nan kuma sai bayan akori-kura. Fanna ba za ta iya ba. Dibora, matar Malam Habila malamin firamare, ɗan Kagoro da suke katanga ɗaya, ta ce a kawo mata yarinyar, ta saba da irin wannan ɗauri.

"Yarinya da ubanta a raye?" in ji Umara. "A ce daga gidan akawu aka kai wa maƙwabta kurkunu? Gobe da jibi ba aiki. Ina nan."

Yakaka ta durƙusa gefen tabarmarsa tana nuna masa yadda ake yi. Shi kuwa kunnensa yana jikin rediyo, ana lissafo waɗanda za a mayar Dutse, babban birnin sabuwar jiha.

"Malam, kana ji na?"

"Ina ji. Murzawa ce dai."

"Kaɗan. In ta turje ka ƙyale ta."

"Ni da nake sarrafa tafireta, tsinke ne zai gagare ni? Je ki kada mota ta wuce ki."

Fanna 'yar fari ce, don haka Umara bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari al'ada ce, kuma al'adar ta yi masa daidai kamar yadda ƙyallen ya yi wa rediyo.

Bayan la'asar ƙishirwa ta kama shi yana kishingiɗe.

"Ke, kawo ruwa."

Fanna ta ɗauki kofinsa mai murfi, ta dafa bango tana jan ƙafa. A gindin darbejiya ta tsaya ta dubi randar. Ta tuna ranar da ya kama ta tana leƙa ta, ya ce in ta sake taɓawa sai ya karya mata hannu. Ta dubi dutsen da ke kan farantin, ta dubi hannunta. Sai ta wuce madafa, ta ɗebo daga tasu. Yakaka tana jefa wa ruwan alif, don haka ya kwanta garau, randar kuma tsohuwa ce mai sanyi.

Umara ya shanye, ya yi gyatsa.

"Alhamdu lillahi. Ruwan famfo daban ne."

Fanna ta dube shi, ta dubi kofin, ta koma ta zauna.

Abincin yamma shi ya dafa, bayan ya sa sakata a ƙofar gida kada wani ya shigo ya gan shi a madafa. Shinkafar ta ƙone a ƙasa, ta ƙi nuna a sama.

"Inna ba haka take yi ba," in ji Fanna.

"Wannan dahuwar birni ce. Ci."

"Mutanen birni haƙoransu da ƙarfi."

Ta miƙo masa ƙafar bayan sun gama. Ya ce hasken ya tafi, sai da safe.

Da safe ya ce bari ya karya. Ya sayo koko da ƙosai, ya kuma sayo wa kansa soyayyen kifi, ya ba ta kan. Ta sake miƙo ƙafar. Yana cikin neman wani dalilin sai aka yi sallama, dalilin ya shigo da kansa. Malam Habila ne ya zo dara, kamar yadda suka saba duk Asabar. Ba zai yiwu baƙo ya tarar da magidanci riƙe da ƙafar 'yarsa ta fari ba. Suka zauna a inuwa, suka share ramukan dara, rediyo yana gefe cikin farar rigarsa.

Fanna ta ja jiki kusa da su tana wasan gida. Ta tsaga kara ta yi mutane, ta ajiye marufan kwalba biyu nesa da juna, ta ɗora wa ɗaya tsakuwa.

"Fanna 'yar gidana, mene ne wannan?" in ji Habila.

"Randar Baba."

"Wancan fa?"

"Ta masu jini."

Habila ya yi tari. Ya dasa tsinkensa a rami, ya ce, "Akawu, ƙyallen nan na kan rediyonka, ba na tace ruwa ba ne?"

"Shi ne. Adana shi nake yi."

"Rediyon ne yake shan ruwan tafki?"

"Ku mutanen Kagoro, da an rubuta abu a allo shi ke nan kun hau. Kurkunu a jini yake, Malam. Wani ya sha tafki shekara da shekaru bai yi ba."

"To wahalar me kake sha da jarka kullum?"

"Ɗanɗano. Ni harshena ko an ɗaure mini ido yana bambancewa. Bari ka gani. Ke, ruwa."

Fanna ta tafi. Tafiyar ta fi ta jiya daɗewa, don tsumman ya bushe ya manne da ciwon, ƙudaje suna bin ta. Umara ya kurɓa, ya juya ruwan a baki kamar mai ɗanɗana miya, ya haɗiye.

"Ka ji shi. Har ɗan ƙamshin maganin da suke zubawa a famfo ina ji. Ke, miƙa wa Malam ya ji bambanci."

Fanna ta rungume kofin a ƙirji.

"Na Baba ne shi kaɗai."

"Ka ga tarbiyya," in ji Umara.

Sai da rana ta yi sanyi, Habila ya cinye shi a dara ya tafi, sannan kukan yarinyar ya hana shi jin labarai. Ya sa sakata, ya kawo ruwa a tasa, ya zauna nesa-nesa ya jawo ƙafar da yatsu biyu. Ya jiƙa tsumman ya ɓamɓare. Ya ga abin da ke naɗe a tsinken, ya yi tsaki.

"Duk makonnin nan, ɗan wannan ta fitar?"

Ya murza. Tsutsar ta biyo. Ya ƙara, ta sake biyowa. Abin ya ba shi sha'awa. A ransa ya hango Yakaka ta dawo ta tarar an gama, ya hango kansa yana ba da labari a ofis.

"Baba, ta turje. Inna a nan take tsayawa."

"Innarki ba ta san darajar lokaci ba."

"Baba, da zafi."

"Rufe ido."

Ya ja. Ba a ji wata ƙara ba. Tsinken dai ya yi sakayau a hannunsa, guntun farin zare yana lilo, sauran kuma ya shige cikin ramin ciwon ya ɓace. Umara ya daɗe yana kallon tsinken.

"Ta fita," in ji shi.

"Ba ta fita ba, Baba. Komawa ta yi."

Ya mayar da tsinken kan ciwon yadda ya same shi, ya ɗaure da tsumman, ya ja baya ya duba aikin. Daga waje ba wanda zai ce an taɓa. Ya fita ya sayo alewa.

"In Innarki ta tambaye ki, me za ki ce?"

"In ce ta koma?"

"Ki ce ba ki sani ba."

"Amma na sani."

Ya ƙara mata alewa.

Ranar Lahadi Fanna ta tashi da ƙafa kamar taɓarya. Kumburin ya haura daga idon sawu yana neman gwiwa, fatar tana ƙyalli, jikinta ya yi zafi rau. Ta ƙi koko. Umara ya taɓa goshinta da bayan hannu, ya ce sauro ne, damina ce, kowa yana yi. Ya ɓalla rabin ƙwayar ciwon kansa ya ba ta. Ya shafa wa ƙafar man zafi, ta ƙwalla ƙara, ya ce alamar magani yana aiki ke nan.

Dibora ta ɗaga murya ta bayan katanga, suna shirin tafiya coci a Haɗejiya.

"Baban Fanna, lafiya yarinyar nan take kuka haka? In shigo?"

"Lafiya lau. Kewar uwarta take yi."

"Mu tafi da ita asibiti mana, tun da can muka nufa."

"Yau Lahadi, wa zai duba ta? Rigima ce kawai. A sauka lafiya."

Zuwa azahar ta daina kukan. Tana kwance a tabarma, leɓɓanta sun bushe, idanunta rabi a buɗe, alewar jiya tana hannunta tururuwa sun same ta. Umara ya ɗauki shirun a matsayin sauƙi. Ya buɗe rediyo.

Can ya ce, "Ke, ruwa."

Ba ta motsa ba.

"Ke, ba da ke nake ba?"

"Ba zan iya tashi ba, Baba."

Ya yi ƙorafi a kan 'ya'yan zamani, ya miƙe da kansa. Ya ɗaga dutsen, ya ɗaga farantin. Randar cike take har wuya, yadda ya cika ta ranar Juma'a. Ya tsaya. Ya leƙa ya ga fuskarsa a ciki. Ya mayar da farantin, ya sake ɗagawa, ko za a sami canji.

Ya dawo a hankali ya tsaya a kanta.

"Ruwan da kike kawo mini, daga ina kike ɗebowa?"

"Daga randarmu."

"Tun yaushe?"

"Tun da Inna ta tafi. Ka ce in na taɓa taka za ka karya mini hannu." Ta numfasa. "Ka ce da daɗi."

Motar kasuwar da ta dawo da Yakaka daga Birniwa ta biyo ta Haɗejiya, a nan Habila da Dibora suka shiga, don haka tare suka tako daga titi, Dibora tana riƙe mata ƙunshi. Ƙofar a buɗe take. Suka tarar da akawu durƙushe a gindin darbejiya, ba hula, yatsa a maƙogwaro, yana kakari.

"Kanwa," in ji shi da ya gan su. "A jiƙo mini kanwa. Ko manja. Tun Juma'a yarinyar nan take ɗura mini tsutsa!"

Yakaka ba ta tsaya a kansa ba. Ta wuce wurin 'yarta, ta durƙusa, ta kwance tsumman. Tsinken ya faɗo ƙasa da busasshen guntun zare a jikinsa. Ta ɗauka ta duba. Ta dubi ƙafar. Dibora ta dafe baki.

"Fanna, wa ya ja?"

Fanna ta dubi ubanta.

"An ce ban sani ba."

Yakaka ta kwance mayafinta, ta goya yarinyar kamar jaririya, ta gyara ƙafar yadda ba za ta bugu ba. Sannan ta zo ta tsaya a kan mijinta.

"Malam, wace tsutsa kuma? Ba a jini yake ba?"

"Wannan ba lokacin surutu ba ne."

"Ka kwantar da hankalinka. Kai ba ɗan Birniwa ba ne."

"Amai ba ya fitar da shi, Akawu," in ji Habila. "Sai baɗi war haka za ka san matsayinka. Haka aka rubuta a allon."

Umara ya miƙe, ya nemi makullin babur, ya ce shi asibiti zai tafi a wanke masa ciki tun abin bai kama ba. Ya tura babur ɗin waje, ya buga ya tashi. Kafin ya sa giya ya ji bayan ya yi nauyi. Yakaka ce ta hau, da goyonta. Ya buɗe baki zai yi maganar ƙarfin babur, ya ga Habila da Dibora da wasu maƙwabta suna kallo, sai ya rufe. Babur ɗin da ba ya iya jarka biyu ya ɗauki mutum uku, ya ratsa taɓon fadama har Haɗejiya bai ko yi tari ba.

A asibiti aka tsaga ƙafar Fanna aka matse mugunya, aka ba ta gado. Malamar asibitin da ta duba ta ta ce da an ƙara kwana ɗaya, da wata maganar ake yi. Umara ya tare ta a baranda ya yi mata bayanin cikinsa dalla-dalla. Ta ce babu maganin da za a ba shi, ya je ya jira.

Ranar da aka sallamo su, Yakaka ta kwantar da yarinyar, ta shiga madafa ta tuntsurar da randarsu, ta mirgina ta bayan ɗaki ta kife. Ta zare ƙyallen daga kan rediyo ana tsakiyar labarai, ta wanke, ta ɗaure a bakin randar gindin darbejiya. Dutsen kuma ta kai shi murhu.

"Me ke nan?" in ji Umara.

"Randa ɗaya ta ishe mu, Malam. In ka kawo mai yawa, mu sha tare. In bai isa ba, in ciko daga tafki, mu sha tare."

"Kin san cikina."

"Na sani. Na ga yadda yake yi."

Washegari ya dawo daga aiki da jarka biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Bayan babur ɗin bai zauna ba. Bai zauna ba a wannan makon, bai zauna ba har ƙarshen shekara.

Shekarar nan Umara ya yi ta ne yana duban ƙafa. Kafin ya sa safa sai ya fita haske ya leƙa idon sawunsa, dama da hagu. Cizon sauro ya taɓa hana shi zuwa aiki. Damina ta zagayo, ta wuce, ba abin da ya fito masa. Asabar ɗin da ya tabbatar ya tsira, ya dasa tsinkensa a ramin dara ya dubi Habila.

"Ban gaya maka ba? A jini yake."

"To gobe sai ka huta da jarka."

"Wannan kuma maganar ɗanɗano ce."

Ciwon Fanna ya warke, amma idon sawun ya sandare, bai sake lanƙwasuwa ba. An sa ta a makarantar Malam Habila, takan fita tun kafin sauran yara don su isa tare. Idan 'yan mata suna tsalle-tsallen gaɗa a dandali, ita ce mai tafi. Ba a mayar da ubanta Dutse ba, yana nan a ofishinsa, kuma a wurin mutanen gari shi ne mutumin kirkin da yake ɗauko wa iyalinsa ruwan famfo tun daga birni.

Har yanzu ita take kai masa ruwa. Takan daɗe kafin ta iso, yakan ce yarinyar nan ta cika nawa. In ya karɓi kofin sai ya buɗe murfin, ya karkata shi wajen haske, ya tambaye ta daga ina ta ɗebo, ko da yake ya san randa ɗaya ce a gidan. Ita kuwa takan bar shi da kofin a hannu tukuna, kafin ta amsa.